Kwamitin lafiya na mazaɓa: wa ke naɗa shi, wa ya kamata ya zauna a ciki?

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu na wannan zaure, ina neman a warware mini wata magana. Za a sabunta kwamitin raya mazaɓa, wanda ake kira WDC, a mazaɓarmu, kuma gardama ta kaure kan wanda ya cancanci kujera. Wasu sun ce dagaci ne zai kawo sunaye, wasu sun ce kansila tunda shi aka zaɓa, wasu kuma sun ce a bar wa ma'aikatan asibiti tunda su suka san aikin. Shin wa ke da ikon naɗawa? Wane iko kwamitin yake da shi a kan asibitin da kuɗinsa? Kuma wane irin mutum ya kamata a sa, wane ne bai kamata ba? Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiƙ:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Kafin a zo kan kujera a fara sanin matakalar, domin yawancin rigimar daga rashin saninta take tasowa.

A can sama akwai hukumar tarayya mai bunƙasa lafiya a matakin farko, NPHCDA, wadda aka kafa a 1992. Ita ke shimfiɗa ƙa'ida, ta kawo allurar rigakafi, ta saki kuɗi, amma ba ita ke tafiyar da asibitin unguwarku ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kula da lafiya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke yi tare da jiha, sai aka ɗauki shekaru ana tafiya a warwatse: albashi daga ma'aikatar ƙananan hukumomi, ɗaukar aiki da canjin wuri daga hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi, magani daga ma'aikatar lafiya, gyaran gini kuwa sai ciyaman ya ga dama. In ungozoma ta daina zuwa aiki, ba ka san ƙofar da za ka buga ba. Shi ya sa majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a 2011 a tattara lafiyar matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya: shugabanci ɗaya, tsarin aiki ɗaya, ma'aunin bibiya ɗaya. Jigawa ta riga ta ɗauki wannan hanya da tsarin Gunduma na 2007, inda aka kasa ƙananan hukumomi 27 zuwa gunduma tara. Kano ta kafa hukumarta a 2012.

To yanzu hawa uku ne. Akwai hukumar jiha, mai majalisar gudanarwa da gwamna ke naɗawa bisa dokar jihar. Ita ke riƙe da ma'aikata da kasafi. Akwai hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, wadda ke duba asibitoci, ta tattara alƙaluma, ta raba rigakafi. Sannan kwamitin mazaɓa, wanda ya samo asali daga tsarin lafiya na mazaɓa da aka shigo da shi wajen shekarar 2000. Shi ba hukumar gwamnati ba ne, idon jama'a ne a kan asibitinsu. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce jama'a ke fitar da shi a taro. Kowane ƙauye ko unguwa ta turo wakilinta, wakilan su zaɓi shugaba, sakatare da ma'aji a tsakaninsu, jami'an ƙaramar hukuma su shaida su rubuta sunaye. Dagaci uba ne ga kwamitin, kansila mamba ne. Babu ɗayansu da ya kamata ya rubuto sunaye daga ɗakinsa.

Abin da ya sa kujerar ta yi tsada yanzu kuɗi ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun samar da kulawar lafiya ta matakin farko, wato BHCPF, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba shi haka: kashi 50 ga inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, 20 ga magani da rigakafi da kayan aiki na yau da kullum, 15 ga gini da na'urori da sufuri, 10 ga horar da ma'aikata, 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, naira biliyan 55 da ɗoriya. Wani kaso yana sauka kai tsaye a asusun banki na asibiti ɗaya da aka zaɓa a mazaɓa, duk wata uku. A farkon tsarin kusan naira dubu 300 ne. Kuma ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun mutum biyu: shugaban asibitin, wato incaji, da shugaban kwamitin mazaɓa.

Nan ne ikon yake, nan ne kuma ake ɓata shi. Ƙa'ida ita ce a zauna a rubuta tsarin aikin wata uku, a sa farashin kowane abu, ƙaramar hukuma ta duba, hukumar jiha ta amince, sannan a kashe bisa abin da aka rubuta, a ajiye rasit, a kai bayani kafin zagaye na gaba. Abin da ke faruwa a inda kwamiti ya yi rauni shi ne incaji ya rubuta tsarin shi kaɗai, ya kai wa shugaba cek babu adadi, shugaba ya sa hannu don kunya ko don bai iya karantawa ba. Daga ranar kwamitin ya zama ɗan amshin shata. Don haka duk wanda za a ba shugabanci, sharaɗi na farko ya iya karanta takardar bayanin asusu daga banki, ya iya haɗa ta da rasit. Boko ko ajami ba shi ne abin dubawa ba a wajen rubuta bayanin taro, amma lissafin banki dole sai wanda ya iya shi.

Maman Ilham:

Yaya Baban Sadiƙ ya shimfiɗa matakalar yadda take. Ni kan mutanen zan tsaya, kuma akwai inda zan ɗan saɓa masa. Iya lissafi sharaɗi ne na mutum biyu ko uku, shugaba da ma'aji da sakatare. Idan aka mayar da shi sharaɗin kowa, za a cika kwamiti da tsofaffin ma'aikata maza waɗanda in sun yi ciwo babban asibitin birni suke tafiya, a bar waɗanda ke zama kan benci tun safe.

Ku je asibitin ranar awon ciki ko ranar rigakafi ku ƙirga waɗanda ke layi. Mata ne da goyo. Su suka san ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa, su suka san ko ana karɓar kuɗin kati da aka ce kyauta ne, su suka san ma'aikaciyar da ke tsawa har mace ta rantse ba za ta sake haihuwa a wurin ba. A kwamitin mutum 15, a ba mata kujera shida, kuma ɗaya ta riƙe muƙami mai nauyi, ma'aji ko mataimakiyar shugaba. A sa lokacin taro bayan la'asar ko da hantsi, a harabar asibiti ko makaranta. In aka sa shi bayan isha'i a ƙofar gidan dagaci, an cire mata ba tare da an faɗa ba.

Ga waɗanda nake ganin ba a yi sai da su. Ungozomar gargajiya da mata ke jin maganarta, domin ita ke fara sanin naƙudar da ta yi tsawo. Malamar Islamiyya. Limami ko wakilinsa, da fasto a inda akwai Kirista. Hedimasta, saboda ana iya fara ganin ƙyanda da mashaƙo a aji. Wakilin direbobin tasha, wanda zai riƙe lambar direba uku ko huɗu da za su tashi ƙarfe biyun dare su ɗauki mai zubar jini. Wakilin masu buƙata ta musamman. Sannan wakilin ƙauyen da ya fi nisa da na rugar Fulani, ardo ko wanda ya turo. Wannan kujerar ita aka fi mantawa, alhali yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba a can suka fi yawa.

Ma'aikatan asibiti su zauna a taro su kawo bayani, amma kada su yi rinjaye kuma kada su shugabanta. Ba a ba mutum aikin duba kansa.

Sai abin da kwamitin zai riƙa dubawa, don wasu sun ɗauka aikin share harabar asibiti ne kawai. A lissafin tsare-tsare na Najeriya ana ɗaukar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin 100 na jama'a, masu ciki kashi 5. Misali, mazaɓa mai mutum dubu 20 ana sa ran jarirai 800 a shekara, kusan 67 a wata, da masu ciki 1,000. To a taron wata a tambaya: yara nawa aka yi wa allurar Penta, wato rigakafin cututtuka biyar, ta farko, ta mako shida, nawa suka dawo ta uku, ta mako 14? Idan 60 suka fara, 45 suka ƙarasa, an zubar da kashi 25, kuma duk abin da ya wuce kashi 10 alama ce ta matsala. Ba a nan za a tsaya ba. A buɗe taswirar mazaɓa a ga daga wace unguwa suka ɓace. Ko rafi ne ya cika da damina, ko ma'aikacin fita ƙauye ba shi da man babur, ko yaro ya yi zazzaɓi bayan allura ba wanda ya yi wa uwar bayani tun farko. Kowane dalili da maganinsa, kuma biyu daga cikin ukun nan aikin kwamiti ne.

A buɗe firji. Sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma akwai takarda a jikinsa da ake rubuta awo safe da yamma. In ka ga an cike ta da biro ɗaya, lamba ɗaya, tun daga ɗaya ga wata har ƙarshe, a zaune ɗaya aka rubuta. A jikin kwalbar allura akwai da'ira da ɗan murabba'i a tsakiyarta. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, allurar na da kyau. In ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, zafi ya kashe ta. Ƙanƙara ma tana lalata Penta, don haka firjin da ke daskarar da ruwa shi ma abin gyara ne. A tambayi allurar oksitosin mai tsayar da jini bayan haihuwa: akwai ta, kuma a firji take ko a aljihun tebur? A tambayi allurar jijjiga, da man shafa wa cibiyar jariri, da gishirin gudawa da zinki, da abin gwajin zazzaɓin cizon sauro. A zaɓi magani biyar a ƙirga da hannu a haɗa da katin sito. Wannan duka ba ya cin awa ɗaya, kuma ba ya buƙatar likita.

Malam Na-Tudu:

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara kan waɗanda bai kamata su zauna ba, sannan in taɓa hawa na sama, don abin da ke ɓata kwamitin mazaɓa shi ke ɓata majalisar gudanarwar hukumar jiha.

Mai kyamis da ke kusa da asibiti kada ya zama shugaba ko ma'aji. Ba zargi ba ne. Duk ranar da magani ya ƙare a asibiti kasuwarsa ce ke buɗewa, bai dace a ɗora masa wannan jarrabawar ba. Haka ɗan kwangilar da zai nemi aikin fenti ko rijiyar burtsatse, haka miji ko ƙanin incaji, haka shugaban jam'iyya na mazaɓa. Ba a ba kura ajiyar nama. Duk mamba ya faɗi tun ranar farko irin kasuwancin da yake yi, a rubuta, in maganar da ta shafe shi ta taso ya fita har a gama.

Maganar sarakuna kuwa a yi ta da hankali. Ba wanda ya san aikin zai raina su. Bayan dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, abin da ya dawo da amincewar mutane ya haɗa da shigowar sarakuna da malamai, har Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, kuma a Agusta 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Afirka. Mai unguwa shi ya san gidan da aka yi haihuwa jiya. Amma dai saboda wannan girman ne bai kamata dagaci ya riƙe cek ba. Wa zai ɗaga hannu a taro ya ce, ranka ya daɗe, ina rasit? A bar shi uba, wanda za a kai wa ƙara in shugaba da incaji sun saɓa. Kansila kuma wa'adinsa na tafiya da zaɓe, wani lokacin ma kantoma ne ke riƙe da ƙaramar hukumar babu kansila sam. Kwamitin da aka jingina da shi yana rushewa da faɗuwarsa.

A rubuta 'yar ƙa'ida shafi biyu kafin a zaɓi kowa, don bayan zaɓe ba wanda zai yarda a rage masa iko. Shawarata: wa'adi shekara uku, sau biyu kawai, kada a sauya kowa lokaci ɗaya, a bar kashi ɗaya cikin uku su koya wa sababbi, taro duk wata, ba a yanke maganar kuɗi sai fiye da rabin mambobi na nan, da mata aƙalla biyu, wanda ya yi fashin taro uku a jere ba uzuri ya sauka, duk sayayya mai nauyi a nemo farashi daga wuri uku, a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon asibiti da Hausa. A kuma faɗa wa kowa a fili cewa aikin sa kai ne, babu albashi. Wanda ya shigo da tsammanin alawus, wata uku zai yi ya ɓace.

A majalisar hukumar jiha, dokar kowace jiha ce ke faɗin waɗanda za su zauna, kuma galibi za ka tarar da wakilan ma'aikatun lafiya, ƙananan hukumomi da kuɗi, da na shugabannin ƙananan hukumomi, da na ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya. Kuskure biyu ake yi. Ɗaya, a mayar da ita wurin sallamar waɗanda suka yi wahalar zaɓe. Biyu, a cika ta da likitocin manyan asibitoci, alhali asibitocin mazaɓa ma'aikatan lafiyar al'umma ne da ungozomomi da duba-gari ke riƙe da su. Majalisa na buƙatar likitan lafiyar jama'a, akanta, mai ilimin doka, mai harhaɗa magani, ungozoma da ta yi aikin karkara, da wakilin kwamitocin mazaɓa. Aikinta amincewa da kasafi, duba rahoton mai binciken kuɗi, da tambayar babban sakataren hukumar. Ranar da mambobi suka fara kawo takardun 'ya'yansu a ɗauke su aiki, ko suna roƙon a dawo da wata ungozoma daga ƙauye zuwa birni, sun daina iya tambayar kowa. Ta nan ake samun asibitin cikin gari da ma'aikata sun yi yawa, na ƙauye da mutum biyu.

A kuma sa ido kan hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A jihohi da dama albashin ma'aikatan matakin farko daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ake cirewa. In ba a rubuta yarjejeniya kan wanda zai biya ba, za a iya komawa warwatsuwar da Baban Sadiƙ ya bayyana.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. A Nijar ma akwai irinsa, ana ce masa Kojes, kwamitin da ke kula da kuɗin likitar CSI, wato asibitin matakin farko. Tushensa shirin Bamako ne na 1987, inda aka ce jama'a su biya wani abu kaɗan, kuɗin ya riƙa juyawa ana sayo magani, su kuma su sa ido. A 2005 da 2006 gwamnati ta sa maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta, da alkawarin za ta biya likitoci daga baya. Biyan ya riƙa jinkiri, asusun magani ya riƙa ramewa. Darasin da za ku ɗauka: ma'ajinku ya riƙe littafi biyu dabam, na kuɗin jujjuya magani da na kuɗin da gwamnati ke turowa. In aka gauraya su, ba za a gane an cinye jari ba sai ranar da kantar magani ta zama wayam.

Abu Hafsat:

Na gode ƙwarai, iyayena, na ƙaru. Saura abu ɗaya. Idan an kafa kwamitin yadda kuka ce, sai incaji ya ƙi nuna littattafai, ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne ba na kwamiti ba, yaya za a yi?

Baban Sadiƙ:

Rabin maganarsa gaskiya ce, Malam. Kwamiti ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya korarsa, ba ya canza masa wuri. Kuma ba shi da hurumin buɗe katin majiyyaci; dokar 2014 ta kare sirrin mara lafiya, don haka jimilla za ku nema, ba sunaye ba. Amma littafin kuɗi, bayanin banki, rasit, katin sito, rajistar zuwa aiki da jimillar wata, waɗannan haƙƙinku ne, tunda hannun shugabanku na kan cek.

A fara da zama na mutum uku, shugaba da sakatare da shi, ba a gaban majiyyata ba. Sau da yawa ba sata ba ce, littattafan ne ba a cike ba, mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, ya ba da magani, ya rubuta rajista wajen goma, yana jin kunyar a gani. In haka ne a ba shi mako biyu, ma'aji ya zauna da shi su haɗa rasit. In ya ci gaba da ƙi, a rubuta takarda da kwanan wata, a faɗi abin da ake nema ɗaya bayan ɗaya, a ajiye kwafi, a sa a bayanin taro. Bayan taro na gaba a kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ba hakimi kwafi ta hannun dagaci. In wata ya wuce shiru, sai hukumar jiha. A tsakanin nan shugaba kada ya sa hannu a sabon cek sai ya ga bayanin na baya, amma a ware abin gaggawa, kamar man janareta na ɗakin haihuwa ko gyaran firji, a biya mai kayan kai tsaye ta banki da sanin mambobi. Kada a rufe asibiti, kada a tara matasa a ƙofa. Mai naƙuda ce za ta biya kuɗin wannan fushin. Kuma a kai takardar da wuri, domin asibitin da bai kai bayanin kashe kuɗin wata ukun da suka wuce ba ana iya riƙe masa na gaba.